Hawa Na Talatin Da Uku

Hatsue ta sake tsayawa, ta dogara sandar mijinta tana haki. Masu hawa suka riƙa kewaye ta suna wucewa, wasu na ɗaukar hoto, wani na cin dunƙulen shinkafa a tafe.

"Mama, mu juya haka nan," in ji 'yarta Chizuru. "Baba ba zai sani ba."

"Wannan mutumin? Ko gishiri na rage a miya sai ya sani."

Sau talatin da biyu mijinta marigayi Genzo ya hau Dutsen Fuji cikin fararen kayan ziyarar ibada. Saura hawa ɗaya ya cika alkawarin da ya yi wa dutsen, ciwon huhu ya kwantar da shi. A gadon asibiti ya miƙa mata sandar, duk jikin sandar tambarin wuta ne da ake bugawa a rumfunan hanyar hawa, ya ce ta ƙarasa masa. Ita kuwa shekararta saba'in da ɗaya a gindin dutsen, ba ta taɓa taka shi ba.

Sai da rana ta karkata suka kai ƙololuwa, Chizuru na tura ta daga baya. Suka bi layi a ɗakin bauta, aka buga wa sandar tambarin ƙarshe. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Da suka fito Hatsue ta haɗa tafukanta za ta gai da dutsen, yadda take yi kowace safiya ta tagar kicin kafin ta ɗora shayi. Ta juya gabas, ta juya yamma. Baƙar tsakuwa, hazo, ƙeyoyin mutane, da injin sayar da lemo.

"Ina zan fuskanta?"

"Ai kina kansa, Mama."

Ta sauke hannu, ta daɗe tana kallon takalmanta.

"To shi babanki me yake zuwa gani, har sau talatin da biyu?"

"Ya ce min in gari ya washe, daga can gefen yana hango rufin gidanmu."

Hatsue ta ja ƙafa zuwa gefen, ta leƙa. Gajimare ne fari fat har iyakar gani.

"Maƙaryaci," ta ce a hankali. Ta share hanci da bayan safar hannunta, ta gyara riƙon sandar. "Mu sauka, tun gwiwoyina ba su gane abin da na yi musu ba."