Harsashin da ke Aljihun Noy Temyong

Maganar da ta cika garinmu ita ce harsashin Doning ne ya gurgunta Bitoy Sarmago. Na ji ta a kasuwar kifi, na ji ta a bakin coci, har mai babur ɗin da ke kai ni asibiti ya fesa mini ita, bai san Doning ƙanena ba ne.

Abin da ya faru ba ɓoyayye ba ne. Da tsakar rana mutum biyu suka shiga shagon kayan gini na su Bitoy, ɗaya riƙe da bindiga. Bitoy kuwa sau uku yana cin gasar harbi ta lardinmu na Cebu. Ya riga ɗan fashin ɗagawa, ya ja kunama, bindigarsa ta ce ƙyas, ba ta tashi ba. Ta ɗan fashin ta tashi. Yanzu Bitoy yana kan keken guragu, shekararsa talatin da ɗaya.

Harsashin da ya ƙi tashi ɗurin Doning ne. Shekara ashirin da shida yana wannan sana'a a bayan gidanmu: ya tsinto kwanson da aka harba, ya wanke, ya sa sabuwar cibiya a gindi, wato ɗan ƙarfen da allurar bindiga ke doka wuta ta kama, ya auna albarushi, ya dasa kan dalma. Duk 'yan gasa a wurinsa suke saye, don na kamfani ya fi ƙarfin mai ƙona harsashi dubu a wata. Bayan abin Bitoy, ko mutum ɗaya bai sake taka ƙofarmu ba. Wannan bai ci mini rai ba kamar yadda Doning da kansa ya yarda. Ya lulluɓe injinsa da buhu, ya bar cin abinci sai na tsaya a kansa.

"Manang, wataƙila da maiƙo a hannuna ranar," in ji shi. Manang yake kirana, wato Yaya. "Maiƙo yana kashe cibiya."

"Wataƙila? Ka gani, ko ji ka yi a kasuwa kamar kowa?"

Ni shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma ban taɓa ba ɗalibi maki ba don ya rubuta "kowa ya sani".

Noy Temyong, mahaifin Bitoy, shi ne shugaban ƙungiyar maharba. Tun da 'yan sanda suka mayar musu da kayansu yake yawo da harsashin nan a aljihun riga, yana nuna wa duk wanda ya tsaya. Ya kuma ƙara da karatu: ɗurin gida na wasa ne, mai son kare ransa ya sayi na kamfani.

Ranar Asabar na je wurin Bitoy, don tsohon ɗalibina ne. Na ce ya ara mini bindigar.

"Malama, me za ki yi da ita?"

"Aikin gida. Irin wanda ba ka taɓa yi mini a kan lokaci ba."

Bai yi dariya ba. Ya nuna mini aljihun tebur da haɓa, idonsa na kan bango.

Lahadi bayan coci na tafi filin harbi da kwandon cefane. A ciki akwai bindigar Bitoy, da ta marigayi mijina wadda ba a taɓa yi mata gyaran gasa ba, da kwalin harsashin kamfani ko buɗe shi ba a yi ba. Maharban suna ƙarƙashin rumfa suna cin gasasshen kifi da dunƙulen shinkafa.

"Kai, ga Malama Perpetua! Jarrabawa za a yi mana?" wani ya ce.

"Kai dai zauna, ka faɗi tun tuni. Noy Temyong, ba ni harsashin nan."

"Ki yi me da shi, Malama? Mushe ne. Ki je ki tambayi ƙaninki."

"In mushe ne, me kake tsoro?"

Idon jama'a ya sa ya miƙo. Na duba gindinsa. Tabon allurar ɗan mitsitsi ne, kamar an taɓa da farce. Na sa shi a bindigar mijina, na riƙe da hannu biyu, na harba. Ƙarar ta sa wani ya zubar da kifinsa, wuyan hannuna kuma har yau bai yafe mini ba.

"Wannan ba komai ba ne!" Noy Temyong ya ɗaga murya. "Bugu na biyu ne. Lalatacce ma yakan tashi a bugu na biyu."

"Gaskiyarka. Shi ya sa na zo da wannan."

Na ba shi kwalin kamfanin ya yage da hannunsa. Na ɗura goma a bindigar Bitoy, na miƙa wa wanda ya tsokane ni ya harba. Shida suka tashi. Huɗu suka ce ƙyas.

Na kwance bayan mariƙin yadda mijina ya koya mini, na zaro sifirin da ke tura gudumar bindiga, na jera shi da na tamu a kan tebur. Na Bitoy ya gaza da zobe huɗu, bakin yankan har yanzu yana ƙyalli. Duk wanda ke wurin ya san dalili. 'Yan gasa suna rage sifirin don kunama ta yi laushi, harbi ya yi sauri, sai su sa a ɗura musu harsashi mai cibiya mai taushi. Doning yana shafa wa irin wannan shuɗin fenti. Na tsaron gida mai tauri ne, da jan fenti. Kwanson da na harba yana ƙasa, gindinsa ja: cibiya mai tauri a bindigar da aka rage wa ƙarfin bugu.

"Wa ya yanke?" na tambaya.

"Ɗana yana kan keke, ke kin zo kina mana darasi?" Noy Temyong ya ɗauki jakarsa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ce a gai da Doning.

Da yamma na mayar wa Bitoy bindigarsa, na ajiye sifirin a cinyarsa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Papa ne, Malama. Kwana tara kafin abin, don gasar garin Mandaue. Tawa ta shago tana wurin gyara, ya ce in riƙe wannan, bindiga bindiga ce."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ina kwance a ƙasa a shagon." Ya share hanci. "Shi ke ɗaga ni ya kai ni banɗaki, Malama. Me kike so in ce?"

Na koma gida na tarar da Doning zaune kusa da injinsa, buhun na nan a kai, shinkafar rana ta bushe a kwano. Na ja kujera na zauna gabansa.

"Harsashinka ya tashi," na ce. "Uban Bitoy ne ya yanke sifirin bindigar."