Hannun da Ba Zai Ɗauki Lalle Ba

…kuma yanzu ba ƙaiƙayi ba ne, wuta ce. Nafisat tana tsugune a bakin kanal, hannuwa biyu cikin ruwa, ruwan yana wucewa gonakin shinkafa bai rage mata komai ba. Alhamis za a sa ta a lalle. Alhamis! Baraka mai ƙunshi ta riga ta juya hannun nan, ta ga bayansa duk ya tsattsage yana tsatsafo ruwa — "Amarya, a kan wannan zan zana miki fulawa? Ai gara ki miƙo min bango."

Aka yi dariya. Ita ma ta yi. To me za ta yi?

Antioksidan… kalmar da malamar asibiti a Kura ta faɗa tana rubuta mata man shafawa. Uwa, kakarta, har da gyara mayafi: wace Antin ce kuma, a ina take zaune, mu je mu gaishe ta? Ba mutum ba ce, Uwa, in ji malamar, wani abu ne cikin tumatir da karas da zogale, yana taimakon fata ta huce. Tumatir! Ita da aka haifa a tsakiyar tumatir, kwando-kwando yana ruɓewa a bakin titi —

Man ne bai yi sauri ba. Shi ya sa. Da hantsi ta shiga gonar Baba, ta tsinko jajaye, ta matse, ta mulke hannuwan har wuyan hannu. Ba ta wanke su ba… wa yake wanke magani? Warin nan na jikin ganyen — jiya, Yaya Isiyaku, tankin feshin maganin ƙwari a bayansa, ƙyalle a hanci. Ta gan shi. Ita ce ma ta kai masa fura.

Mudassiru kuwa, angon, bai taɓa ganin hannuwan ba. In ya zo zance cikin hijabi take naɗe su, yana murmushi, wai kunyarta ta yi yawa. Ranar da zai ce, kawo hannunki fa?

Me malamar asibitin ta ce ne ma? A hankali… ki riƙa ci. A miya, a kwaɗo, wata biyu, wata uku, kar ki bar man. Ci ta ce. Ci, ba shafawa ba. Ita kuwa Alhamis kawai take ji.

Ta zaro hannu ɗaya, ta duba. Ya fara fitar da ƙuraje har tsakanin yatsu.

Wa za ta fara nuna wa?