Tiyar Inna Zalihatu

Kowa a unguwar Biafra ta Treichville ya san in za a yi suna, Inna Zalihatu ce mai alala. Da tiyarta ta zo daga Dogondutsi tun tana amarya, kwanon awo ne da bakinsa ya lotse, kuma ba ta yarda da sikeli ba. A ganinta allurar da ke rawa ba za ta faɗi gaskiya ba.

Da autarta Laila ta haihu, sai 'ya'yan suka fara ƙusƙus cewa idon Inna ya yi rauni, a ba kuku kwangilar abincin suna. Inna ta ji. Ta san in aka karɓe wannan tukunyar, ba za a ƙara miƙo mata wata ba.

"Ni zan yi," in ji ta. "In ya lalace ku zaunar da ni."

Surukinta Shamsuddin, mijin Laila, mai fitar da kaya a tashar jirgin ruwa, ya sayo buhun fasasshen waken Turawa, wanda ake kira puwa kase, a kasuwar Adjamé. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, kilo goma ya ishi baƙinmu. Da tiyarki huɗu kenan. Amma a shafe baki daidai, don wannan ya fi waken gida kumbura."

"Malam, na ji. Je ka wajen maza."

Ta ji ɗin kuwa, hannunta ne bai ji ba. Duk rayuwarta mai saye ce a kasuwa, kuma mai saye ba ya shafe bakin tiya. Ta cika ta har ta yi tozo, ta kewaye bakin da damtsenta ta ƙara tulawa, ta juye. Sannan ta damƙi gyara ta watsa a kai, tana hararar gefe, ko da yake babu mai sayarwa a wurin. Haka ta yi sau huɗu. Buhunta ne, kanta take yi wa wayo. Mutum kan saba da ƙwace har ya manta na wa yake ƙwacewa.

Da safe waken da aka jiƙa ya taso ya cika baho, ya gangaro tsakar gida.

Laila ta leƙo da jariri a kafaɗa. "Inna! Wannan na suna ne ko na barikin soja?"

"Huɗu na auna."

"Huɗun wa? Maman, vraiment! Haba dai, Inna!"

"Koma ɗaki, mai jego ba ta tsayuwa a iska."

Inna ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta kuma zubar da ko ƙwaya ba. Ta sa aka aro gwangwanaye gida-gida, aka ƙaro manja da albasa, injin niƙa ya yi ta kuka har azahar. Baƙi suka ci, suka ɗaura a leda. Aka kai wa maƙwabta Julawa, aka kai masallaci, aka miƙa wa 'yan dako da ke wucewa, alala ba ta ƙare ba.

Wata tsohuwa ta tambayi tiya nawa aka auna. Aka ce huɗu. Ta riƙe haɓa ta ce wannan hannu ba na banza ba ne. Kafin magariba labari ya zagaye Biafra cewa abinci yana ƙaruwa a hannun Inna Zalihatu. Shamsuddin ya ɗaga buhun, ya ji saura kaɗan, ya ajiye. Ba a ƙaryata suruka ranar suna.

Maganar kuku ta mutu. Yanzu matan unguwa har layi suke yi da buhunansu, Inna ta auna musu da hannunta don tubarraki. Shinkafa da wake sun fara ƙarewa tun tsakiyar wata, magidanta kuma suna ta sayen maganin ɓera, a zatonsu shi ne ɓarawon.