Shaidar Baba Ƙorafi

Shekarun da doka ta ce baƙo ya zauna kafin ya nemi zama ɗan ƙasa, Innata ta cika su har da gyara. Shaida ce ta gagara. Mai gidan da muke haya ya rasu, ita kuwa a ɗaki take ɗinkinta, ba ta da shugaban aiki da zai tsaya mata. Jami'ar ofis ta ce a kawo maƙwabcin da zai rantse Inna ba ta taɓa barin ƙasar ta daɗe ba, in babu, a soma ƙirga daga farko.

Maƙwabtanmu na da duk sun tashi, saura tsohon direban da ke ƙasan benenmu, wanda muke kira Baba Ƙorafi. Tun da muka tare yake dukan rufin ɗakinsa da sanda saboda ƙarar keken ɗinki. Inna ta ce gara ta sake wasu shekarun da ta roƙe shi. Ni na cire kunya na sauka. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce zai je, dama ya daɗe yana neman inda zai kai ƙararta.

A ofis kuwa, kamar jira yake. Ya ce matar nan ta hana shi barcin safe, ta hana shi jin rediyo, da ta taɓa yin tafiya ai da shi zai fara sani, har ya zuba ruwa a ƙasa ya sha. Jami'ar tana danne dariya ta tambaye shi ko keken bai taɓa yin shiru ba.

"Ya taɓa. Mako guda cur," in ji shi.

Na ce a raina shi ke nan, tsoho ya rama.

"Lokacin da matata ta rasu ne. Matar nan tana ƙasa wajena, tana dafa wa masu gaisuwa abinci. Ban taɓa yi mata godiya ba."

Jami'ar ta buga hatimi, ta yi wa Inna barka. Inna ta goge ido da bakin mayafi, ta juya wajensa.

"To Baba, yanzu dai kana ji kana gani, na zauna ke nan."

"Na sani," ya ce. "Ai shi ya kawo ni."