Gefen da Sanda Ya Kankare

Shekara arba'in da ɗaya Sanda yana sayar da kawunan shanu a kwatar Agege. Babbaka, kankara, fasa ƙashi, duk a hannun ubansa ya koya, kuma bai taɓa yarda akwai wanda ya fi shi riƙon wuƙa ba.

Matarsa Badiyya sabulu take yi a tsakar gida. Wata Laraba tana juya soda a bokiti, ruwan ya fantsamo mata a idon hagu. Kafin a kai ta asibiti rabin yini ya tafi wajen sauraron shawarar maƙwabta. Zafin ya wuce bayan sati uku, gani bai dawo ba. Wata farar yana mai jan jijiyoyi ta taso daga gefe ta lulluɓe baƙin idon. Wata takwas tana lalube da ido ɗaya.

Likitar da aka tura su wurinta sunanta Laila, haifaffiyar Agege, 'yar wani mai goro da Sanda ya sani. Ta duba, ta ajiye fitilarta.

"Baba, fatar saman ido kullum gogewa take, kullum ana sabunta ta. Masu sabuntawar wasu ƙananan ƙwayoyi ne, uwaye, suna zaune a wani siririn zobe, daidai inda baƙi ya haɗu da fari. Na hagu soda ta ƙone su. Na dama suna nan lafiya. Zan yanko kaɗan daga na dama in dasa a na hagu."

"A yanka mai lafiyar?"

"Kaɗan, Baba."

"Duk mai wuƙa haka yake cewa." Ya juya wajen matarsa. "Ke, tashi mu tafi."

Badiyya ba ta motsa ba. Sanda ya tsaya da hula a hannu. Ido ɗaya ya rage mata. In shi ma ya tafi, matar da ta haifa masa 'ya'ya bakwai sai an riƙe mata sanda zuwa makewayi.

Laila ta ce, "Kawo mini idon bijimin sa guda biyu gobe, in yanka a gabanka. In hannuna bai yi maka ba, ka tafi da Mama, ba zan ƙara magana ba."

Wannan maganar ta shige shi. Haka ake gwada sabon mahauci.

Washegari ya zaɓi kan da ya fi kyau. Ya babbake shi, ya wanke da ruwan zafi, ya ƙwaƙulo idanun. Ba zai kai wa 'yar mutane ƙazanta ba, a ce mahautan Agege ba su iya aiki ba. Ya zauna da ƙaramar wuƙa ya gyare duk wata tsoka da tantani da ke kewaye, har suka fito sumul suna ƙyalli. Ya naɗe a sabuwar leda.

Laila ta buɗe, ta juya ɗaya da ɗan hantsaki.

"Baba, ina gefen?"

"Na gyara."

"Babbakewa ka yi?"

"Da gashi zan kawo miki?"

Ta cije leɓe, dariyar ta ƙi tsayawa. "Abin da soda ta yi wa Mama, shi ka yi wa san nan. Ka dafa uwayen, ɗan abin da ya tsira kuma ka kankare ka yar."

Badiyya ta rufe baki da mayafi. "Sannu, oga mai wuƙa."

Ya ɗauki ledarsa ya fita.

Kashegari ya tsaya a kan wani bijimin sa tun ana kayar da shi. Ana gama yanka ya cire idanun da fatarsu da jininsu, kafin kan ya ga wuta. Mahamadou, ɗan Nijar ɗin da ke sayar da ƙafa kusa da shi, ya leƙo.

"Sanda, tsufa ya zo ke nan? Ɗanyen ido za a yi wa miya?"

"Kula da kofatonka."

Ya sa su cikin kula da ƙanƙara, ya ɗora a cinya cikin motar danfo, ba ya barin gwiwar kowa ta taɓa.

A ɗakin gwaji Laila ta sa ido ɗaya ƙarƙashin madubin likita, ta ce ya leƙa. Da farko haske kawai ya gani. Sai abin ya zauna. Ga baƙi, ga fari, ga wani ɗan zobe mai duhu-duhu a tsakani. Dubban idanu sun bi ta hannunsa, bai taɓa sanin da shi ba.

"Uwayen fa?"

"Sai an sa musu launi ake rarrabe su da sauran." Ta nuna masa a allon kwamfuta, wani yanki da ta rina tun makon jiya. 'Yan ɗigo ne a cunkushe can ƙasa. "Su ne waɗannan. Kaɗan ne. Amma in sun samu wuri sai su hayayyafa su rufe ido duka."

Ta ɗauki aska siririya. Sanda bai kalli askar ba, wuyan hannunta ya zuba wa ido. Bai yi rawa ba. Ta ɗago wani ɗan abu da bai fi ƙwayar riɗi ba.

"Sake," in ji shi.

Ta sake a ɗaya idon.

"Ba ki danna ba."

"In na danna na huda."

"In ya ƙi kamawa fa?"

"Yakan ƙi. Na dama kuwa wurin yakan cike cikin kwanaki. Haka na saba gani, amma ba zan rantse maka ba."

Ya daɗe yana kallonta. Da ta rantse, da ya tafi.

Ya iske Badiyya a kan benci a waje. Ya zauna, ya gyara murya.

"Hannunta ba laifi."

"Malam, ni tun jiya na dangwala musu yatsa a takardar yarda. Kai nake jira ka gama jarrabawarka."

An yi aikin ranar Litinin. Da aka buɗe idon dama, ja ne kamar gauta, amma tana gani da shi. Sanda ya fita baranda ya tsaya shi kaɗai.

Na hagu ya ɗauki lokaci. Ɗigo sau shida a rana, shi yake ɗiga mata, da hannun da ya wanke sau uku. Ba ya tambayarta ko ta fara gani. A sati na bakwai, da hantsi, tana zaune a ɗaki ta dafe idon dama da tafin hannu, kamar yadda likita ta ce ta riƙa yi.

"Malam, matsa. Ka tare mini taga."

Ya matsa. Ya ɗan jira, sannan ya koma gaban tagar a hankali, ba tare da takalminsa ya yi ƙara ba.

"Na ce ka matsa," in ji Badiyya.