Sakamakon Jinin Ummu Salma

Saura kwana tara a ɗaura auren Ummu Salma da Hafizu, ɗan garin Ajingi, sakamakon gwajin jininta ya shigo imel ɗin mahaifinta, Malam Bubayero. An riga an san Hafizu AS ne. In ita ma AS ce, to babu aure. Malam Bubayero ya binne ɗa guda saboda sikila, ya kuma rantse ba da shi za a sake jefa wani yaro cikin wannan wahala ba.

Da ya buɗe saƙon a wayarsa bai ga takarda ba, sai haruffa da lambobi a cunkushe, layi bayan layi. Ya ɗauka yaren likitoci ne. Ya je shagon buga takardu a cikin Gaya aka buga masa shafi goma sha ɗaya, ya kai wa mai kemis. Mai kemis ya jujjuya su, ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan ciwon ba.

Bayan azahar ya shigo gida, ya tarar da Ummu Salma tana tsince shinkafa. Ya miƙa mata takardun.

Ta duba shafin farko, sai ta fashe da dariya. "Baba, wannan ka kai kemis?"

"Ke, ana maganar jininki kina dariya?"

"Ba ciwo ba ne. Takardar ce aka mayar haruffa don ta bi ta imel, wayarka ta kasa warware ta. Turo min saƙon."

Ta ɗauko kwamfutar da ta yi karatu da ita, ta zauna a tabarma. Ta kwafe haruffan nan kaf, ta yanke bayanin da ke samansu, ta adana sauran da sunan sako.txt. Sannan ta buɗe wani baƙin allo wanda babu hoto ko ɗaya a kansa.

"Ta lalace ne?" in ji shi.

"Lafiyarta ƙalau. A nan ake ba ta umarni kai tsaye."

Ta rubuta: base64 -d sako.txt > sakamako.pdf. Allon ya mayar mata da gajeren layi na Turanci, ta ja tsaki.

"Me ya ce? Ki gaya min gaskiya!"

"Ya ce akwai shara a ciki. Sallamar da ma'aikacin asibitin ya rubuta a ƙarshe ce na haɗo da ita."

Ta goge layi biyu, ta sake ba da umarnin. Wannan karon allon bai ce komai ba.

"Shirun nan fa?"

"Shirun ne alamar ya yi, Baba."

Ta kai yatsa za ta buɗe takardar, sai ta tsaya. Dariyar ta ɓace daga fuskarta. Sai a lokacin ya tuna ba shi kaɗai ne ke jin tsoro ba.

"Yi bismillah ki buɗe, Ummu. Duk abin da ya fito, ina nan."

Ta buɗe. Ga sunanta, ga hatimin asibiti, a ƙasa kuma haruffa biyu waɗanda ko shi ya iya karantawa: AA.

Malam Bubayero ya zauna daɓas a kan tabarmar, ya yi hamdala sau uku. Sannan ya ɗaga murya ya kira matarsa: "Kubura! Fito, ki kira mutanen Ajingi, ki ce musu rana tana nan yadda aka sa."