Murfi Uku

Ezekiya bai taɓa leƙa makarantar likitoci ba, amma a unguwarsu ta Mubi in ka kira shi mai kemis sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Dakta ne. Kuma a faɗi gaskiya, kan ciwon yara ya fi wasu masu farar riga. Idan uwa ta kawo masa yaro mai tari, sai ya ɗaga rigar yaron, ya kafa wa agogo ido, ya ƙirga numfashinsa na minti guda. In na jariri ya haura hamsin, ya ce limoniya ce, ciwon haƙarƙari, a wuce asibiti yanzu. Wadda ta ɗura wa irin wannan yaro maganin barci don ta samu ta runtsa kuwa, ranar har maƙwabta sai sun ji laifinta. Shekara goma sha bakwai yana wannan faɗa.

Ranar Larabar da 'yan bindiga suka shigo gari, ƙarshen Oktoban 2014, Dakta ya kwashi abin da hannunsa ya kai ya zuba a leda, ya bi ayari. Washegari da hantsi su kusan talatin suna kwance a gonar dawar wani mutumin ƙauyen Bahuli, suna jiran hanya ta lafa su haura dutse zuwa Kamaru. Dawa ta fi mutum tsayi, ta rufa musu asiri. Tarin Khalid ne kawai ta kasa rufewa.

Khalid ɗan Mairamu ne, mai suyar ƙosai a ƙofar kemis ɗin Ezekiya, watansa tara. Ta jawo jiki ta miƙa masa yaron. Ezekiya ya ƙirga, ya samu sittin da huɗu, ga ƙasan haƙarƙari yana lotsawa duk sa'ad da ya ja numfashi. Ya zazzage ledarsa: auduga, farasitamol, sai kwalbar maganin mura mai sa barci. Na limoniya yana can kan kanta a Mubi.

A nan suka jiyo ƙarar babura can kan hanya. Kowa ya san masu hawa babur a ranar. Khalid kuwa sai ya sake sarƙewa da tari, kamar ana saran itace.

Hammanjoda, dillalin shanu, ya rarrafo rub da ciki har kunnen Ezekiya.

"Dakta, ka yi wani abu. Ko yaro ya yi shiru, ko uwan ya ɗauke shi ya tafi. Mu talatin ne a nan."

"Alhaji, ƙirjinsa ba zai ɗauki wannan magani ba."

"Ni ban tambaye ka ƙirji ba."

Kada a ce an tilasta masa. Ba wanda ya ɗora masa wuƙa a wuya. Tsoro ne tsantsa ya kama shi, don ya san in aka fito da su daga dawar nan, sunansa kaɗai ya isa a kwantar da shi. Ya juya baya, ya sa farce ya kankare takardar jikin kwalbar. Mairamu ba ta karatun boko, amma duk da haka sai da ya kankare ta tas.

"Dakta," ta ce a hankali, "wannan na haƙarƙari ne ko? Ba mai barcin nan da kake hana mu ba?"

"Na haƙarƙari ne."

Murfi ɗaya ma ya yi wa ɗan wata tara yawa. Ezekiya ya cika murfi uku. Ita da kanta ta tallafe haɓar yaron, tana bismilla, tana lallashinsa ya haɗiye, har wanda ya zubo gefen baki ta sa yatsa ta mayar.

Tari ya riƙa ja da baya, har ya ɗauke. Gonar ta yi tsit. Baburan suka zo suka wuce ta kan hanya, ko birki ba su taka ba. Da irin rurin da suke yi, ko jaki ne ya yi kuka a dawar nan ba za su ji ba. Ezekiya ya lura da haka, ya kuma ga Hammanjoda ma ya lura, don tun daga lokacin dillalin bai ƙara yarda sun haɗa ido ba.

Da la'asar aka ce a tashi. Mairamu ta kawo masa Khalid fuskarta cike da murna.

"Ka gani, Dakta? Jiki ya yi sanyi, hakin ma ya daina. Tun Litinin bai yi barci irin wannan ba."

Ezekiya ya dubi yaron. Leɓɓansa sun yi duhu, kansa ya langaɓe, ƙirjin yana ɗagawa sau ɗaya, ya daɗe kafin ya sake. Ba ya bukatar agogo ya gaya masa yaron nan ba zai kai kan dutse ba. Ya tsani kansa tsana mai tsanani, amma tsanar ba ta buɗe masa baki ba.

"Ki goya shi da kyau," ya ce.

Ta goya shi, ta ɗaure zane, tana sa wa Dakta albarka. Allah ya raya masa nasa 'ya'yan, Allah ya mayar da shi kemis ɗinsa lafiya. Ba ta tsaya nan ba, mace ce mai son alheri ya kai ga kowa. Ta bi layin mata tana ba su labari, tana nuna shi da hannu.

Ba su kai gindin dutsen ba sai ga Margret, matar wani malamin firamare, ta sha gabansa tana kwance goyo. 'Yarta Divine tana tari, tarin da ake ji daga nesa. Mutane suka tsaya, idanu duka suka dawo kan ledar da ke hannunsa.

"Dakta, don Allah ka taimaka," in ji Margret. "Ka ba wa nawa irin na Mairamu. Ta ce akwai saura a kwalba."